Ruwan Jego Daga Iska

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so, da safiyar Juma'ar da na tsaya gaban mata goma sha ɗaya na gidan surukaina (na ƙirga su, ƙirge halina ne), na yi musu bayanin kimiyya na kusan minti goma, sa'an nan na murɗa famfo.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne a nan Bauchi. Ina fassara labarai, kuma ina da shiri na mako-mako kan kimiyya da fasaha. Aikin ya horar da ni a kan abu biyu: kada in furta kalmar da ban tantance ba, kada kuma in bar shiru ya wuce daƙiƙa uku. Na farkon ya sa mutane suna ɗaukata mai hankali. Na biyun ba shi da amfani a wajen situdiyo, amma ba wanda ya gaya mini.

Matata Sa'adatu 'yar unguwar Ƙofar Dumi ce, kuma a lokacin tana ɗauke da cikin fari. A gidansu ba a tattauna inda mace za ta yi jegon fari. Gida take komawa, ta yi kwana arba'in ana yi mata wanka safe da yamma da ruwan da ya tafasa a rabin ganga, ana tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata a jiki. Ni kuwa na sha zama da likitoci a shirina suna bayanin abin da ruwa mai zafin gaske yake yi wa fatar mai jego da zuciyarta. Na ƙudura cewa matata ba za ta shiga wannan ba. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane, kuma gaskiya ne. Akwai na biyu da ba na faɗa: ba na son in yi kwana arba'in ina sallama a zauren wani kafin a nuna mini abin da na haifa.

Na roƙi Bappana ya je ya nema mini alfarma wurin mahaifinta, a bar ta ta yi jego a gidana na Gwallameji. Mahaifin nata ya ce maganar ba tasa ba ce, ta ƙanwarsa ce, Goggo Dudu, wadda ita ke wankan duk 'yar da ta haihu a zuri'ar. Sai bayan mako biyu Goggo ta aiko da amsa. Ta yarda, za ta tare a gidana har a yi arba'in, amma da sharaɗi guda: ruwan zafi sau biyu kullum, ba fashi. Ranar da aka rasa, ranar za ta ɗauki 'yarta. Ta ƙara da cewa a fara sauke itace tun yanzu ya bushe.

Na mayar da saƙo cikin ladabi cewa ba a bukatar itace. (Ban san cewa a wurinsu itacen jego shi ne shaidar miji ya damu da matarsa ba. Ko kuma na sani, na ɗauka ni na wuce nan.)

Abin da na dogara da shi wani inji ne da na sa a bayan gida. Wanda ya kafa mini shi Oga Sunday ne, mutumin kudu mai shagon kayan sola da famfuna, wanda ya daɗe a Bauchi har Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai bai damu da wane ne namiji wace ce mace a cikinta ba. Aikin injin ba shi da wuyar fahimta. Firiji yana kwashe zafin da ke cikinsa ya watsar ta baya, shi ya sa bayansa yake da ɗumi. To, wannan firiji ne da aka juya: fankarsa tana zuƙo iskar waje, ya tatse ɗan zafin da ke cikinta, ya tura shi cikin tankin ruwa, ya busar da iskar ta fita da sanyi. Ko iskar hunturu tana da zafin da zai tatsa. Ba ya cin wuta sosai, don haka solar gidana tana ɗaukarsa. Akwai wani ƙarfen dumama ruwa na ko-ta-kwana a cikin tankin, amma Oga Sunday ya cire masa waya, ya ce batirina ba zai iya da shi ba.

Na so injin nan fiye da kima. Ruwan yana kaiwa digiri hamsin da biyar, zafin da sai an surka, amma ba ya tafasa, wato daidai abin da nake nema wa Sa'adatu. Na yi shiri guda cur a kansa. Ni na laƙaba masa suna injin tatsar zafi, kuma na yi kwana uku ina jin daɗin sunan. Na gayyaci Oga Sunday situdiyo, na rufe shirin da muryar nan tawa ta ƙarshen labarai: "Sharaɗinsa ɗaya ne tak, masu sauraro. A bar shi a fili ya sha iska."

Ku riƙe wannan jimlar. Ni ban riƙe ta ba.

Wata biyu injin yana aiki lafiya. Ana saura kwanaki Sa'adatu ta haihu, sai ɓarayi suka haura gidan maƙwabcina suka kwance kan na'urar sanyaya ɗakinsa da ke waje, suka bar masa wayoyi suna lilo. Unguwarmu sabuwa ce, tsakanin gida da gida akwai kango, kuma da rana kowa yana ofis. Na je na tsaya ina kallon injina a fili, fari tas, kamar an ajiye shi don a ɗauka. Washegari na kira birkila. Ya ja bulo ta kowane gefe, ya rufa kwano, ya sa ƙofar ƙarfe. Ya tambaye ni ko a bar taga, kafin in amsa ya ba kansa amsa cewa taga ai hanyar ɓarawo ce. Na ce ya yi gaskiya. Har na sa ya toshe 'yar tazarar da ke ƙarƙashin ƙofar saboda ɓeraye.

Ranar da aka ɗaura ƙofar, ranar naƙuda ta tashi. Kwana biyu muka yi a asibiti, ni ina wanka a gidan yayana da ke kusa. Allah Ya sauke ta lafiya, muka sami 'ya mace. Aka sallame mu ranar Alhamis da la'asar, Goggo Dudu ta biyo mu da ƙullin kayanta da damin ganye, ta ce wankan sosai sai gobe da safe. Matan da suka rako mu suka sami sauran ruwan zafi a tanki, suka yi wanke-wanke, suka wanke zannuwan asibiti, suna ta mamaki suna sa mini albarka. Na karɓi albarkar duka. Ban leƙa bayan gida ba.

Da safe, wajen ƙarfe bakwai, ga sanyin watan Janairu, sai ga Keke Napep uku a ƙofar gida. Dada ce, kakar Sa'adatu, ta kwaso mata sun zo barka, kuma sun zo ganin abin da ta ji a rediyo. Dada ba ta rabuwa da rediyonta, kuma da yake ni mijin jikarta ne, tana da lasisin faɗa mini duk abin da ta ga dama.

"Ango," in ji ta tun daga bakin ƙofa, "na duba hagu na duba dama ban ga itace ba. Ko a ɗaki kake ɓoye shi kamar gwal?"

"Dada, an wuce zamanin itace."

"To, madalla. Mu da aka wanke da itace sai mu koma kabari. Nuna mana na zamanin."

Abin da ya kamace ni a nan shi ne in gaishe su in fice. Suruki ba ya tsayawa tsakar gida cikin mata ranar wankan jego, balle a haihuwar fari, inda ake son ya nuna kamar bai ma san an haihu ba. Amma an ce in nuna, ga masu sauraro sun yi da'ira, ga Goggo Dudu ta ajiye babban baho ƙarƙashin famfon da na sa aka jawo musamman kusa da banɗaki. Sa'adatu tana ciki tun ɗazu, zaune kan kujera 'yar tsugunno da ɗaurin ƙirji, tana jira. Sai na gyara murya.

Na fara da firiji. Na bi ta kan fanka, na shiga tanki, na fito ta kan hayaƙin itace da illarsa ga ido da huhu. Na yi maganar sare dazuzzuka. Na ce "abin lura a nan shi ne" har sau biyu. Na kawo batun likitoci da ruwan da ya wuce kima, ina kallon gefe don kada a ce da Goggo nake, alhali kowa ya san da ita nake. Ita kuwa ba ta ɗago ba, tana tsinke ganye daga reshe ɗaya bayan ɗaya.

Da na gama, na ce bismilla, na murɗa famfo.

Ruwa ya zubo. Ba tururi.

"Bututun yana da tsawo," na ce. "Sai wanda ya kwana a ciki ya fita tukuna."

Aka kawo bokiti, ya cika, aka zubar a gindin mangwaro. Aka kawo na biyu. Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar ruwa, ni kuma ba na iya zama da shiru, don haka na ci gaba da magana. Na bayyana musu cewa ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, shi ya sa yake taruwa a saman tanki. Bokiti na uku ya cika. Goggo ta taso, ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannunta, ta bar ta a ciki fiye da yadda ake bukata. Sa'an nan ta dube ni, karo na farko a safiyar.

"Malam, ruwan randarmu ya fi wannan ɗumi."

Na je na duba ɗan allon injin da ke jikin bangon kicin. Digiri goma sha tara, ga wata jar fitila tana ƙiftawa. Nan take na yanke hukunci cewa laifin mai kafawa ne, kuma na ga ya dace a ji hakan daga bakinsa. Na kira Oga Sunday, na dawo tsakiyar mata, na buɗe sifika na ɗaga wayar sama, yadda muke sa mai kira kai tsaye a rediyo. (Har yau idan na tuna wannan ɗaga hannun, sai in ji kamar in cije shi.)

"Oga Sunday, kana jina? Injin da ka kafa mini ya ƙi aiki, ga mai jego tana jira."

"Ah, Oga, barka, barka! Madam ya sauka lafiya? Me allo ta rubuta?"

Na karanta masa.

"Wannan iska ne ba ta isa. Duba fanka, ko leda ya shiga, ko wani ya jingina katifa."

"Ba abin da zai shiga. A rufe yake."

"A rufe yaya?"

"Na sa an gina masa ɗaki saboda ɓarayi."

Na ji ƙarar babura ta wayar.

"Ɗaki. Da taga?"

"Babu."

"Oga! Ka gina wa injin iska ɗaki babu taga? To me za ta sha? Iskan da ta tofar shi za ta sake sha, ta sake tofar, har ta daskare! Ba kai ka faɗa a rediyo ba? Ina zaune kusa da kai, ka ce a bar shi a fili! Matana ma ya ji, ya ce wannan mutum akwai ilimi!"

Na lalubi maɓallin kashe sifika, yatsana ya ƙi samunsa. Dada ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Ɗan nan, ƙyale shi, ni ma na ji. Ranar Talata ce, bayan labaran ƙarfe biyar."

Ba wanda ya ce mu tafi bayan gida, amma duk muka tafi, ni a gaba da makulli, su a baya. Na buɗe kwaɗo biyu, na ja ƙofar ƙarfen. Wani sanyi ya bugo mu kamar an buɗe motar daskararren kifi. Bangon yana naso, injin kuwa ya yi fari fat da ƙanƙara tun daga sama har ƙasa, fankar ta tsaya. Tunda mata suka ƙarar da ruwan jiya yake ta fama, yana tatsar iskar ɗaki guda har ba abin da ya rage a cikinta. Wata daga cikin matan ta ja mayafi ta rufe hanci. Wata ta ce innalillahi a hankali.

Dada ta leƙa kai ciki ta fito. "Kai, Ango, Allah Ya yi maka albarka. Ga inda za mu ajiye naman suna. Dudu, ashe firiji ya saya mana, mu ne ba mu gane ba."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi da mayafi a baki, wadda ta fi ta fili ciwo. Goggo Dudu kaɗai ba ta yi ba. Daga cikin gida jaririya ta fara kuka, sai a lokacin na tuna cewa Sa'adatu ta fi minti ashirin zaune a banɗaki da zane ɗaya, a sanyin nan, kwana biyu da haihuwa.

"Goggo, akwai gas," na ce. "A dafa a buta, yanzu-yanzu."

"Buta nawa za ta cika bahon nan?"

Na fara lissafi a kaina, da gaske, har na kusa ba ta amsa.

"Kana da tukunyar da ta fi ta miya?"

"Babu."

"Itace?"

Na girgiza kai.

"Maƙwabta fa?"

Maƙwabtana ma'aikata ne irina, sun fita tun ɗazu, kuma ko suna nan ba mai murhu a cikinsu. Na ce a ba ni awa biyu, zan kira birkila ya fasa bangon. Goggo ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro 'yar wayarta, ta kira yayanta.

"Yaya, a turo mota. A ce wa yara su ɗora ruwa, ga mu nan." Ta saurara kaɗan. "A'a, lafiya lau. Ba abin da ya faru. Ruwa ne babu."

Kafin ƙarfe tara an naɗe komai. Na sami Sa'adatu a ɗaki an rufa mata bargo biyu, leɓɓanta sun bushe, tana ba jaririya nono. Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Malam, ni fa ban ce ina son tafiya ba," in ji ta.

"Na sani."

"Jiya da magariba da na wanke hannu na ji ruwan ya fara sanyi."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. "Na faɗa maka. Ka ce mini bututu ne."

Na tuna. Ina amsa saƙonnin barka a waya ta faɗa, na ba ta amsa ban ko ɗago kai ba.

A Ƙofar Dumi aka yi suna. Itacen da na ce an wuce zamaninsa, ni na saye shi, kuma da yake mota ba ta shiga lungunsu, a baro aka riƙa turawa ina biye, masu shaguna suna miƙo mini hannu suna cewa ai suna jin shirina. Wankan da na yi wata da watanni ina shirin kare ta daga gare shi, an yi mata shi cikakke, da ruwan da ya tafasa, kwana arba'in ba fashi. A mako na biyu ta gaya mini a waya cewa kafaɗarta ta saluɓe. Na buɗe baki in ce a riƙa surkawa, sai na rufe. Wa zai saurare ni a gidan nan kan maganar ruwa? Ina da gaskiya a kan wannan guda ɗaya, kuma na zubar da ita tare da bokiti uku a gindin mangwaro. Tabon yana nan a kafaɗarta har yau, ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

'Yata kuwa, a zaure na san ta. Bayan la'asar nake zuwa in yi sallama in zauna kan tabarma, Dada ta fito da ita a naɗe cikin tawul, ta ɗora mini ita minti biyar tana tsaye a kaina, ta ce in tallafi kan da kyau, wannan ba inji ba ce. Ranar da ta fara buɗe ido sosai tana bin haske, a waya aka ba ni labari.

Birkila ya zo tun ranar Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci. Bai tambaye ni komai ba, ya fasa bango biyu, Oga Sunday ya kawo mai walda aka yi wa injin keji na ƙarfe, abin da ya ce da na tambaye shi tun farko da shi zai ce a yi. Ƙanƙarar ta narke, fanka ta tashi. Kafin isha'i allon ya nuna hamsin da biyar. Na tsaya a tsakar gida ni kaɗai na murɗa famfo, tururi ya tashi har sama, ba ko mutum ɗaya da zai gani. Injin bai sake tsayawa ba ko sau ɗaya, kuma a kwana arba'in ɗin nan ba na jin akwai gwauron da ya kai ni wanka da ruwan zafi a faɗin Gwallameji.

Abin da na koya ba shi da girma, bai ma isa a yi shiri a kansa ba. Idan matarka ta ce maka ruwa ya yi sanyi, kada ka yi mata bayani. Ajiye wayar, ka tashi ka je ka taɓa ruwan.